Kirista da Fushi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu bi sukan yi a kan fushi, wasu a fili cikin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, wasu kuma sai an keɓe da fasto ko wani dattijo. Ba a jera su bisa muhimmanci ba, kowa ya fara da wadda ta fi damunsa. Ma'anar ayoyin aka kawo, ba lafazinsu ba, saboda haka a buɗe a duba.

Yin fushi zunubi ne?

Ba kowane fushi ba. Littafi Mai Tsarki bai ce Allah marar fushi ne ba, cewa ya yi mai jinkirin fushi ne (Fitowa 34:6; Zabura 103:8). Bulus ma da yake rubuta wa Afisawa bai ce kada ransu ya taɓa ɓaci ba. Ya ce in sun husata kada su yi zunubi, kada kuma rana ta faɗi suna riƙe da fushin (4:26).

Sai dai mai tsayawa a nan rabi ya karanta. Ayoyi biyar a gaba, Bulus ɗin nan ya ce a kawar da ɗacin rai da hasala da fushi da tankiya da yanke (4:31). Yakubu ya ce fushin mutum ba ya haifar da adalcin da Allah yake so (1:20). Yesu kuwa ya ɗauki fushi da ɗan'uwa ya ajiye shi kusa da kisankai (Matiyu 5:21-22). In ka haɗa su, abin da ya fito shi ne an san fushi zai zo, amma ba a yarda ya samu wurin zama ba.

Tun da daɗewa malaman ikilisiya suka rabu a kan wannan. Yohanna Kasiyan, a farkon ƙarni na 5, ya koyar cewa mai bi ba shi da izinin yin fushi da kowa sai da zunubin kansa. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya ce rashin yin fushi a inda ya kamata a yi shi ma aibi ne. A ganina Akwinas ya fi kusa da nassi, amma Kasiyan ya fi sanin halinmu.

To ai Yesu ma ya yi fushi har ya kifar da tebura a Haikali. Don me ni za a hana ni?

Ba labarin da masu zafin rai suka fi haddacewa kamar wannan. To mu duba shi da kyau.

A Markus 11:11, Yesu ya shiga Haikali ya dudduba komai, da yake yamma ta yi sai ya fita zuwa Betanya ya kwana. Sai washegari ya dawo ya kori masu saye da sayarwa. Wato ya gani, ya kwana da abin, sannan ya aikata. Wannan ba mutumin da zuciya ta ɗebe ba ne. Yana cikin korar ma yana koyarwa, yana jawo maganar Ishaya da Irmiya. Wanda idonsa ya rufe ba ya iya haka.

Wurin da aka fito fili aka ce ya yi fushi shi ne Markus 3:5, a majami'a ranar Asabar, inda aka zuba masa ido a ga ko zai warkar da mai shanyayyen hannu don a samu abin zarginsa. Ya dube su da fushi, yana baƙin ciki saboda taurin zuciyarsu. Sai me ya biyo baya? Hannun mutumin ya warke. A Markus 10:14 kuma ya ji haushin almajiransa don sun hana a kawo masa yara, ƙarshen abin ya rungumi yaran ya sa musu albarka.

Yanzu ka nemi wurin da ya husata don an taɓa shi shi kansa. An tofa masa miyau, an yi masa ba'a, an yi masa shaidar zur. Da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, tambaya ya yi: in na faɗi abin da ba daidai ba ka nuna, in kuwa daidai na faɗa don me ka mare ni? (Yahaya 18:23). Bai yi shiru kamar ba a yi komai ba, bai kuma rama ba. Mu namu a juye yake. A zalunci wani a gabanmu, mu ce Allah ya kyauta mu wuce. A ƙi amsa mana gaisuwa, mu kwana ba barci. In kana son jingina da fushin Yesu, ka fara duba ko wani ya warke bayan naka.

Yaya zan gane fushina na gaskiya ne ko na son kai?

Da wuya ka gane a lokacin, domin ba mai fushin da yake jin ba shi da gaskiya. Dawuda ya husata ƙwarai da Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, har ya rantse mutumin ya cancanci mutuwa. Fushi ne mai kama da na adalci, daga bakin mutumin da ya ɗauke matar Uriya ya sa aka kashe shi (2 Sama'ila 12). Sau da yawa laifin da ya fi harzuƙa mu a jikin wani shi ne wanda muke ɓoyewa a namu.

Abin lura ne cewa Allah da ya tarar da masu fushi, tambaya yakan yi musu. Ya tambayi Kayinu me ya sa ya husata, me ya sa fuskarsa ta ɓaci (Farawa 4:6). Ya tambayi Yunusa har sau biyu ko daidai ne ya yi fushi (4:4, 9). Kayinu bai amsa ba, ya tafi ya kashe Habila. Yunusa ya amsa, amsar kuwa ta tona shi: yana jin zafin wata 'yar tsiro da ta yi masa inuwa ta bushe, ba ya jin komai game da mutanen Nineba fiye da 120,000.

Fushi shaida ne cewa an taɓa wani abin da kake ƙauna. Aikinka shi ne ka gano ko mene ne abin. Yakubu 4:1-2 ya ce tushen faɗace-faɗace shi ne muna son abu ba mu samu ba. Don haka ka tambayi kanka ba tare da kwana-kwana ba: me nake so da aka hana ni? Wani lokaci amsar mai kyau ce, gaskiya nake so, ko kada a cuci yaron nan. Amma sau tari amsar ita ce girma nake so, ko a yi yadda na ce, ko kada a gane na ji tsoro, ko kada a ga na ji kunya. Mutane da yawa da ake kira masifaffu tsoro ne ya cika su.

Ga wani gwaji da ba ya ƙarya. In mutumin nan ya zo yanzu ya tuba, za ka yi murna, ko za ka ji kamar an ƙwace maka wani abu? Yunusa haushi ya ji da Nineba ta tuba. Babban wan ɗan nan da ya ɓata ma haka, ƙanensa ya dawo gida shi kuwa ya ƙi shiga (Luka 15:28). In kai ma tuban mai laifi zai ɓata maka rai, ba gyara kake nema ba, ramuwa kake nema.

Me zan yi a daidai lokacin da na ji zuciya ta taso?

Ka jinkirta. Kusan duk hikimar Karin Magana a kan fushi a nan ta taru, kuma Yakubu ya dunƙule ta: saurin ji, jinkirin magana, jinkirin fushi (1:19).

Akwai dalili a jiki. In mutum ya harzuƙa, jiki yakan saki sinadarai irin su adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsokoki su ɗaure. Sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamako yakan raunana a wannan hali, shi ya sa mutum yakan faɗi abin da bayan sa'a guda zai rasa inda ya samo shi. Kowa yana da alamarsa ta farko: wani zafi yake ji a fuska, wani murya ce take tashi, wani hannu ne yake rawa, wani ya dinga cije haƙora. Ka san taka. A wannan gaɓar ce kake da iko, in ka wuce ta sai dai Allah ya kiyaye.

Da ka ji alamar, rufe baki tukuna. Ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, ka maimaita. In kana tsaye ka zauna. In abin ya ƙi, ka bar wurin, amma ka faɗi cewa za ka dawo: "Raina ya ɓaci, ba na so in faɗi abin da zan yi da-na-sani, mu yi magana da yamma." Fita ba tare da wannan ba, ɗayan zai ɗauka wulaƙanci ne. Addu'ar wannan lokaci gajeriya ce, irin ta Zabura 141:3, Ubangiji ka sa mai tsaro a bakina. Yau sai a ƙara da yatsu, domin abin da dā sai an yi tattaki a je a faɗa wa mutum, yanzu daga kwance ake aika shi. Rubuta saƙon in ka ga dama, amma kada ka tura sai gobe. Hausawa sun ce fushin fari ba naka ba ne.

Nehemiya misali ne mai kyau. Da ya ji manya suna cin talakawa da ruwan bashi har 'ya'yansu suna shiga bauta, ya husata ƙwarai. Aya ta gaba ta ce ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya tuhumi manyan, ya tara jama'a, aka mayar wa mutane gonakinsu (5:6-12). Fushin bai tafi ba, tunani ne ya shiga gabansa. Dawuda kuwa da Nabal ya zage shi, bai yi shawara da kowa ba, ya ce kowa ya rataya takobi, ya tasar wa gidan da mutum wajen 400. Abigail, matar Nabal, ita ce ta tare shi a hanya, daga baya ya gode wa Allah da ya aiko ta ta hana shi zub da jini (1 Sama'ila 25). In kana da mutumin da zai iya tare ka a hanya ka saurare shi, ka riƙe shi da kyau.

An ce gara mutum ya amayar da fushinsa, ya yi ihu ko ya doki wani abu, da ya bar shi a ciki. Gaskiya ne?

A'a. Karin Magana 29:11 ta ce wawa ne yake sakin fushinsa duka. Binciken zamani ma bai goyi bayan wannan shawara ba. A 2024 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka suka tattara nazari 154 da aka yi a kan mutum fiye da 10,000, suka ga abubuwan da suke ƙara tayar da jiki, kamar dukan abu da gudu, ba sa rage fushi, masu kwantar da jiki kamar numfashi a hankali da natsuwa su ne suke ragewa. Wanda ya saba huce haushi a kan ƙofa, koya wa hannunsa duka yake yi.

Jiki ma yana biya. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Habad ta Amurka suka fitar a 2014 ya nuna haɗarin bugun zuciya yakan ninka kusan sau biyar cikin sa'o'i biyu bayan mummunar hasala.

Ni ba na faɗa, ba na zagi. In aka ɓata mini rai shiru nake yi in janye. Ai na tsira ko?

Ba ka tsira ba, ɗan'uwa, kuma naka ya fi wuyar magani, domin mutane suna yaba maka da haƙuri alhali kai ka san abin da yake dahuwa a ciki.

Karanta 2 Sama'ila 13. Amnon ɗan Dawuda ya yi wa Tamar, 'yar'uwarsa ta wajen uba, fyaɗe. Dawuda ya ji ya husata ƙwarai, amma nassi bai nuna ya ɗauki wani mataki ba. Absalom, wan Tamar, bai ce wa Amnon uffan ba, ko mai kyau ko marar kyau. Shekara biyu cur yana shiru. Sai ya shirya biki ya gayyaci 'ya'yan sarki, ya sa barorinsa suka kashe Amnon. Gida guda, fushi iri biyu: na uban da ya ƙi yin abin da ya kamata, da na ɗan da ya haɗiye har ya zama kisa. Absalom yana da dalilin fushi, babu shakka. Shirunsa ne bai zama haƙuri ba.

Dokar nan da kowa ya sani, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, tana Littafin Firistoci 19:18. Ayar da take gabanta ta ce kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka, sai dai ka tsauta masa a fili. Ashe faɗa wa mutum laifinsa yana cikin ƙauna. Yesu ya maimaita wannan a Matiyu 18:15: je ka same shi, kai da shi kaɗai. Ba a ce ka faɗa wa kowa ban da shi ba, ba a ce ka yi ta habaici ba, ba a kuma ce ka mai da shi "abin addu'a" a gaban jama'a ba, wanda sau da yawa tsegumi ne aka sa wa rigar ibada.

Hanya biyu ce mai bi yake da ita. Ko ka kau da kai da gaske, ka yafe ka manta da zancen, abin da Karin Magana 19:11 ta kira daraja ga mutum. Ko ka je ka yi magana. Yadda za ka san wadda ta dace: in bayan kwana biyu ko uku har yanzu kana maimaita abin a ranka, kana shirya amsar da za ka ba shi, to ba ka kau da kai ba, je ka yi magana. Gaba, da ɗaure fuska, da "ba komai" alhali akwai komai, ba sa cikin biyun. Agustin na Hippo, shi ma malamin ikilisiya na dā, ya gargaɗi masu zaman ibada tare da su gaggauta kashe saɓani, kada fushi ya girma ya zama ƙiyayya, ɗan hakin ya zama gungume.

"Kada rana ta faɗi kuna fushi." Dole ne a gama magana kafin a kwanta?

Manufar ita ce fushi yana da wa'adi, kuma gajere ne. Ayar da ta biyo ta ba da dalili: kada a ba Iblis ƙofa. Amma ma'aurata da yawa sun mai da ayar dalilin jan gardama har tsakar dare, a gajiye, kowa yana ƙara wa wuta mai. Ba lallai a warware matsalar a daren ba. Abin da ake ajiyewa kafin barci shi ne niyyar ramuwa. Ana iya cewa, "Ba mu gama ba, amma ni ba abokin gābarki ba ne, gobe ma ƙarasa." Zabura 4:4, wadda Bulus ya jawo a wannan wuri, cewa ta yi ku yi tunani a kan gadajenku ku yi shiru. Sharaɗi ɗaya ne: goben ta zo da gaske.

Halina ne. Haka mahaifina yake, haka kakana. Mutum yana canzawa kuwa?

Gaskiya ne wasu an haife su da zafin jini fiye da wasu, kuma yaron da ya tashi a gidan da ake ihu yakan ɗauka haka ake magana. Wannan bayani ne, ba hujja ba. Ka lura kuma, mai cewa ba ya iya riƙe kansa yakan riƙe shi sarai a gaban maigidansa a wurin aiki ko a gaban hukuma. Sai ya dawo gida wurin waɗanda ba za su iya rama ba, sannan "hali" ya tashi. Wanda ya iya zaɓen inda zai fashe, ya iya riƙewa.

Yahaya da ɗan'uwansa Yakubu, Yesu da kansa ya yi musu laƙabi da 'ya'yan tsawa (Markus 3:17). Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsu, suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye shi, Yesu ya tsawata musu (Luka 9:54-55). A Ayyukan Manzanni 8, Yahayan nan ne aka aika Samariya tare da Bitrus, ya ɗora wa Samariyawa hannu suka karɓi Ruhu Mai Tsarki, a hanyar dawowa kuma suka yi ta wa'azi a ƙauyukansu. Mutum yana canzawa.

Amma ban da sakaci. Musa ya kashe Bamasare yana da shekara wajen 40, daga baya aka shaide shi da tawali'u fiye da kowa a duniya (Littafin Ƙidaya 12:3), duk da haka a Meriba, cikin tsufansa, jama'a suka ƙure shi ya doki dutsen sau biyu maimakon ya yi masa magana, abin da ya hana shi shiga ƙasar alkawari (sura 20). Tsohon hali yakan yi kwanton ɓauna.

Da zan rabu da mutanen nan da suke tsokanata, da na huta.

Kasiyan ya ba da labarin zamansa a hamada, ba kowa kusa, ya ce sai ya ga yana husata da alƙalaminsa in ya yi kauri, da wuƙar fiƙe shi in ta dakushe, da ƙanƙarar ƙyasta wuta in ta yi jinkirin kamawa. Mutane ba su ne suke zuba maka fushi ba, tono shi suke yi. Sauya gida ko aiki ko ikilisiya yakan taimaka in ana cutar da kai, amma in matsalar a cikinka take, tare za ku tafi.

Na yi addu'a, na yi azumi, an ɗora mini hannu, har yanzu ina fashewa. Me ya rage?

Kamunkai da haƙuri da tawali'u, Galatiyawa 5:22-23 ta kira su albarkar Ruhu, irin wadda itace yake bayarwa, ba a dare ɗaya take nuna ba. Addu'a ba ta ɗauke maka aikin koyo. Ka ɗauki makonni kaɗan kana rubuta duk lokacin da ka husata: da wa, a kan me, da wane lokaci, me ya faru kafin nan. Za ka ga abin yana da hanyar da yake bi. Ka faɗa wa wani mai bi da ka amince da shi, ka ba shi izinin tambayarka (Yakubu 5:16).

Ka duba jikinka ma. Rashin barci, yunwa, ciwo mai daɗewa, giya da ƙwayoyi, duk suna gajarta haƙuri. Da Iliya ya kai maƙura har ya roƙi mutuwa, Allah bai fara da wa'azi ba, ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi, ya sake barinsa ya kwanta (1 Sarakuna 19). Ciwon damuwa, musamman a maza, yakan fito da siffar saurin fushi, haka ma wanda ya taɓa ganin tashin hankali mai tsanani, ko ya bugu a ka, ko yake da matsalar maƙoƙo. In kana fasa kaya, ko ka taɓa kai wa wani hannu, ko iyalinka suna tsit in ka shigo, ko tunanin cutar da kanka ko wani yana zuwa maka, ka ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kamar yadda ɗaurin karaya ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Da Allah nake fushi. Ina jin tsoron ko faɗa.

Ya riga ya sani, saboda haka ɓoyewa ba ta da amfani. Ayuba ya yi ta kai ƙara har surori da yawa. Irmiya ya ce Ubangiji ya ruɗe shi (20:7). Habakuk ya buɗe littafinsa da tambayar har yaushe zai yi ta kuka ba a ji. Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu, ba ko kalmar ta'aziyya ɗaya a ƙarshenta, kuma aka bar ta cikin littafin waƙoƙin sujada. A ƙarshen littafin Ayuba, abokansa masu kāre Allah da kyawawan maganganu ne aka tsauta wa (42:7).

Bambancin yana nan: waɗannan duka wa Allah suka yi magana, ba su juya masa baya suna gunaguni a kansa ba. Ba na cewa Allah ya yi maka laifi. Cewa nake yi ka kai masa abin yadda yake, da zafinsa, ka kuma tsaya ka ji amsa. Haka zaburan nan masu roƙon hukunci a kan maƙiya, irin su 109, suke aiki: mai waƙar ya faɗi mafi munin abin da yake ransa, amma a hannun Allah ya bar zartarwa.

In na gafarta, ke nan mai laifi ya ci bulus?

Gafara ita ce ka sauke haƙƙin ramawa da hannunka ka miƙa shi ga Allah (Romawa 12:19). Ba ta nufin abin bai yi zafi ba. A misalin bawa marar gafara, bashin da ɗan'uwansa ya ci masa dinari 100 ne, wato ladan aikin kwana 100, ba abin rainawa ba. Ya zama ƙarami ne kawai in an gwada shi da talanti 10,000, dukiya mai ɗimbin yawa, da aka yafe masa (Matiyu 18:23-35).

Ba ta kuma hana neman adalci. Sura ta gaba bayan "kada ku yi ramuwa" ita ce take cewa hukuma baran Allah ce don hukunta mai mugunta (Romawa 13:4). Da aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37). Amincewa ma daban take. Dawuda ya bar Saul da rai har sau biyu, amma bai koma fadarsa ba. Ana yafewa kyauta, amana kuwa sai an sake gina ta.

Mijina yana dukana in ya husata. Daga baya ya yi kuka ya roƙe ni. Ana ce mini in yi haƙuri in ƙara addu'a.

'Yar'uwa, abin da ake yi miki zunubi ne, laifi ne kuma, ba ke kika jawo shi ba. Ba ayar da ta ba miji izinin duka. An umarce shi kada ya yi miki kaushin hali (Kolosiyawa 3:19), an kuma gargaɗe shi cewa rashin girmama ki zai toshe addu'arsa (1 Bitrus 3:7). Karin Magana 19:19 ta ce mai zafin fushi sai ya ɗauki hukuncinsa, in ka cece shi sau ɗaya sai ka sake. Rufa masa asiri ba taimakonsa ba ne.

Ki nemi wurin da ke da yara za ku tsira, ki faɗa wa wanda zai iya ɗaukar mataki, har da hukuma. Dawuda ya kauce wa māshin Saul ya gudu, ba wanda ya kira shi marar bangaskiya. Hawaye ba tuba ba ne. Tuba ita ce ya amsa laifinsa a gaban wasu ba tare da ɗora miki ba, ya nemi taimako, a kuma ga canji na dogon lokaci. Shugabannin ikilisiya da suke mayar da mace cikin duka da sunan haƙuri su sani suna da alhaki a kan abin da zai biyo baya. Maganar ɗaya ce in matar ce mai dukan.

Horon yara fa? In ban nuna fushi ba ba sa ji.

In sai ka yi ihu suke ji, kai ka koya musu cewa maganarka ta farko da ta biyu ba a bakin komai suke ba. Horo don amfanin yaro ake yinsa, hucewa kuwa don amfaninka, yaro kuma yana gane bambancin. Bulus ya gargaɗi ubanni sau biyu kada su tsokani 'ya'yansu har su husata ko su karai (Afisawa 6:4, Kolosiyawa 3:21). In ranka a ɓace yake, ka ce masa za ku yi magana anjima. In ka wuce gona da iri, ka nemi gafararsa. Girmanka ba zai ragu ba.

Na riga na yi ɓarna da bakina. Ta ina zan fara, kuma in ya ƙi saurarata fa?

Yesu ya ce in kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Wato kai za ka tashi, kuma kafin Lahadi mai zuwa. Ka je da ƙafarka in da hali. Ka ambaci abin da ka yi da sunansa: "Na zage ka a gaban mutane, ban kyauta ba, ka gafarta mini." Ban da "in na ɓata maka rai", ban da "amma kai ma". Laifinsa, in akwai, a bar shi zuwa wani zama. In a gaban mutane ka ci masa mutunci, a gabansu za ka gyara. In ka fasa abu, ka biya.

Yana iya ƙi, ko ya ce sai ya yi tunani. Haƙƙinsa ne, kada ka husata don bai yafe da wuri ba, kada kuma ka turo masa mutane su matsa masa. Romawa 12:18 ta sa iyaka biyu: in mai yiwuwa ne, kuma gwargwadon abin da yake wajenka. Wani saɓanin yakan ɗauki shekaru. Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Markus har suka rabu, kowa ya kama hanyarsa (Ayyukan Manzanni 15:39), can daga baya a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti aka ji Bulus yana cewa a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi (4:11). Ka yi naka, ka bar ƙofa a buɗe, ka ci gaba da gaishe shi in kun haɗu.